Tambayoyinku da Amsoshinmu: Mahaukaciyar Guguwa Ta Doso Gari, Ta Ina Za a Fara?

Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne lokacin mahaukaciyar guguwa a Tekun Atalantika, kuma abin ya fi tsananta daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba. Wasiƙun wannan karon sun zo ne daga 'yan'uwanmu mazauna Texas, Louisiana da Florida a Amurka, da kuma wani uba a gida wanda hankalinsa ke can.

Tambaya: Bara muka tare a Houston, ni da maigidana da yara uku. Yanzu ana ta cewa guguwa na iya isowa nan da kwana biyar, maƙwabta sai jidar ruwa suke daga kanti. Ni dai na rasa ta inda zan fara. (Wata uwa, Houston)

Amsa: Hajiya, ki fara da ruwan nan da kika ga ana jida, kuma yau, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Cibiyar da ke sa ido kan guguwa a Miami tana fitar da sanarwa hawa biyu. Ta farko, wadda za ki ji suna kira Hurricane Watch, tana fita awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta fara. Ta biyu, Hurricane Warning, awa 36. Duk wanda ya jira ta biyun zai tarar da kantuna an share su, gidajen mai kuma layi har kan titi.

Lissafin hukuma shi ne galan ɗaya, wato kusan lita 4, ga kowane mutum a kowace rana, na sha da ɗan girki. Mafi ƙaranci kwana uku, amma mu kwana bakwai muke ba da shawara. Ku biyar ne, kenan lita 20 a rana, lita 140 a mako. Katan ɗin nan mai robobi 40 na rabin lita, lita 20 ne cif, don haka katan bakwai kike buƙata. Idan kanti ya ƙare, kada hankalinki ya tashi: ruwan famfonki lafiyarsa lau kafin guguwar ta zo. Ki wanke tukwane, kuloli, jarkoki da duk wani mazubi mai murfi, ki cika.

Wannan lissafin nasu bai sa alwala da tsarki a ciki ba, mu kuwa gidanmu ba ya rabuwa da buta. Ki wanke bahon wanka ki cika shi fal a daren ƙarshe. Da shi za a yi alwala, da shi za a kora masai: a ɗebo bokiti guda a juye cikin kwanon a lokaci ɗaya, zai tafi ko da famfo ya ɗauke. Amma ki rufe ƙofar banɗakin da kyau, baho cike da ruwa haɗari ne ga yaro mai rarrafe.

Bayan guguwa sau da yawa hukuma kan ce a riƙa tafasa ruwan famfo, saboda idan ƙarfin ruwa ya faɗi a bututu, ƙazanta kan kutsa ta inda ya tsage. A bar shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. In babu wuta, a ɗiga ɗigo 8 na bilicin wanki marar ƙamshi a galan ɗaya, a motsa, a jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi, a tace da tsumma mai tsabta a ninka ɗigon.

Abinci kuwa, kada buhun shinkafa da wake su ruɗe ki, domin suna cin ruwa, suna cin wuta, kuma yawancin gidajen haya a can murhun lantarki gare su. Ki tanadi abin da za a ci ba tare da an ɗora tukunya ba: garin rogo da sukari da madarar gari, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dabino, biskit, man gyaɗa na shafa wa burodi, kifin gwangwani. Ki tabbatar akwai abin buɗe gwangwani na hannu. Mutane da yawa sai wuta ta ɗauke suke tunawa nasu na lantarki ne. In akwai jariri, madararsa da kunzugunsa na mako biyu. A cika tankin mota, a ciro kuɗi a hannu, ƙananan takardu, domin na'urar cirar kuɗi da ta karɓar kati duk wuta suke jira. Kowa da tocilarsa, da batir na canji, da ƙaramin rediyo mai batir. Kyandir a bar shi: gida a rufe, yara a tsorace, motar kashe gobara kuma ba za ta fito cikin iska ba.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Tampa, ina ƙasan bene kusa da ruwa. An ce unguwarmu ta tashi, amma abokaina sun ce guguwar mataki na 2 ce kawai, mu zauna. Ni kuma ba ni da mota. (Wani ɗalibi, Tampa)

Amsa: Ɗan'uwa, ka tashi. Abokanka sun duba lambar da ba ita ce ta shafe ka ba. Matakan nan biyar ƙarfin iska kaɗai suke aunawa: na 1 yana farawa daga gudun kilomita 119 a awa, na 2 daga 154, na 3 daga 178, na 4 daga 209, na 5 daga 252. Ba su ce komai ba game da yawan ruwan sama ko tashin teku, alhali ruwa ne ke yin kisa. Ƙididdigar shekaru 50 a Amurka ta nuna kusan mutum 9 cikin 10 da guguwa ta kashe kai tsaye, ruwa ne ya ci su, kusan rabinsu kuma tumbatsar teku ce.

Ga yadda take faruwa. Iskar takan yi awoyi tana tura ruwan teku gaba, har ya taru ya hau tudu. Inda bakin tekun ba shi da zurfi, kamar gaɓar yammacin Florida, ruwan ba shi da inda zai nutse, sai ya shigo gari. A Satumban 2022 guguwar Ian ta tura ruwa mai tsayin sama da mita 4 a yankin Fort Myers, kudu da inda kake. Mita 4 ya shanye ɗakin ƙasan bene har silin. Ruwa ne mai gudu, ɗauke da motoci da katakai, kuma da zarar ya kai gwiwa ƙofa ba ta buɗuwa.

Shi ya sa umarnin tashi a Florida da harafin unguwa ake ba da shi, A, B, C, haka. A yankin Houston kuma da lambar gidan waya ta unguwa. Kowa ya nemi nasa tun yanzu a shafin ƙaramar hukumarsa. Haka nan duk mai zama a gidan tafi-da-gidanka ya tashi ko a wane harafi yake, domin shi iska ce ke kifar da shi.

Wani kuskuren shi ne taswirar nan mai kama da mazurari da ake nunawa a talabijin. Hanyar da tsakiyar guguwar zai iya bi kawai take nunawa, kuma ko shi kusan sau ɗaya cikin uku yakan fice daga ciki. Iska da ruwa kan kai ɗaruruwan kilomita a waje da ita. A 2024 guguwar Helene ta sauka a arewacin Florida, amma mummunar ɓarnarta har tsaunukan North Carolina, inda babu teku ko kusa.

Tashi ba ya nufin sai ka bar jihar. Kilomita 30 ko 50 zuwa gidan wani ɗan'uwa a kan tudu, cikin gini mai ƙwari, ya wadatar. A 2005, lokacin guguwar Rita, miliyoyin mutane sun fita daga Houston a lokaci guda, da waɗanda aka umarta da waɗanda ba a umarta ba. Aka yi sama da awa 20 a cunkoso cikin zafi, mai ya ƙare wa motoci, kuma waɗanda suka mutu a hanyar gudun sun fi waɗanda guguwar ta kashe da kanta. Don haka wanda aka ce ya tashi ya tashi da wuri, wanda yake kan tudu cikin gini mai kyau ya bar musu hanya.

Batun mota, ka kira 211, za su faɗa maka matsuguni mafi kusa da motocin da ke kai mutane. Ka tuntuɓi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku da masallacinku tun kafin a rufe. Ka tafi da bargo, abin sallah, magani, caja da abincin da ka yarda da shi, domin ba lalle ka sami na halal a matsuguni ba. Kada ka ce sai ka ga yadda abin zai kasance. Idan iska ta kai wani ƙarfi, ana rufe gadoji, motocin agaji ma sukan daina fita ko ka kira lambar gaggawa ta 911.

Tambaya: Na ga ana liƙa salatif a gilashin taga. Yana da amfani? Wani kuma ya ce in ɗan buɗe taga ɗaya don iska ta samu hanya. (Wani magidanci, Lake Charles)

Amsa: Malam, duka biyun ka bar su. Salatif ba ya hana gilashi fashewa, sai dai ya riƙe shi ya taso da manyan ɓaraguzai maimakon ƙanana. Buɗe taga kuwa gayyato ɓarna ne. Iskar da ke wucewa ta saman gida tana jan rufi sama. Idan ta samu shiga ciki sai ta tura shi daga ƙasa, ƙarfin ya zama biyu, rufin ya ɗaga. Duk aikin shi ne a hana ta ƙofar shiga.

In gidanka ne kuma babu murfin taga na ƙarfe, ka sayi katakon filawud na waje mai kaurin inci 5/8, kusan milimita 16. A yanka shi ya zarce tagar da santimita 10 ta kowane gefe. A ɗaure da ƙusa mai murɗi wadda za ta shiga jikin ginshiƙin bango kamar santimita 5, a kowane santimita 30 zuwa 40. In bangon bulo ne, a huda a sa abin riƙe ƙusa na kankare. Wanda ya kafa a siririn katakon ado na gefen taga ya yi aikin banza, tare za su tashi. A rubuta wa kowane allo sunan tagarsa saboda baɗi. Aikin mutum biyu ne, kuma a gama shi kafin iska ta fara, domin allo a hannun mai hawa tsani tamkar tabarma ce a bakin iska.

Ƙofar gareji ita ce mafi faɗi kuma mafi rauni a gidan, ana sayar da ƙarafan tokare ta. Sannan a kwashe tsakar gida tas: kujeru, tukwanen fulawa, keken yara, kwandon shara, abin gasa nama. A share indararo da bakin magudanar titi. Mai haya ba zai huda bango ba sai da izinin mai gida. Shi ya sauke labule, ya janye gado da kaya daga jikin taga.

Tambaya: Na sayi janareta. Na saba da shi tun ina Kano, sai dai ina tsoron ɓarayi da ruwan sama. Zan iya kunna shi a gareji in bar ƙofar a buɗe? (Wani ɗan kasuwa, Katy)

Amsa: Alhaji, a'a, ko da ƙofar a wangale take. A nan muke so kowa ya tsaya da kyau, domin sabo da janareta shi ne yake sa mu sakaci. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Takan kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi, nesa ba kusa ba. Mutum zai ji ciwon kai, jiri, kasala da tashin zuciya, ya ɗauka gajiya ce ko zafi, ya kwanta, shi ke nan. Garejin da ke manne da gida yana tura ta cikin ɗakuna ta ƙarƙashin ƙofa da ta silin. Gidajen Amurka kuma a toshe suke ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki, babu tsakar gida a buɗe irin tamu. Bayan guguwar Laura a Louisiana a 2020, an sami 'yan gida ɗaya da hayaƙin janareta ya kashe bayan sun tsira daga iskar.

A ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga gida, bakin salansa na kallon nesa da tagogi, naka da na maƙwabta. Ɓarawo, a sa sarƙa da kwaɗo. Ruwan sama, a yi masa rumfa mai buɗaɗɗen gefe, kuma ba a kunna shi sai guguwar ta wuce. A sa na'urar ƙararrawa mai gano wannan iska, mai batir, kusa da ɗakunan kwana a kowane hawa. In ta yi ƙara, kowa waje, sannan a kira 911. Wannan hukuncin ya hau kan gawayi, abin gashi da risho na zango: ba a kunna su a cikin ɗaki ko gareji.

Kada ka sa waya mai kai biyu ka cusa wutar janareta cikin soket ɗin bango. Wutar kan koma layin waje, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta kashe ma'aikacin da ke kan turke yana gyara. Ko dai mai aikin wuta mai lasisi ya sa maka makunnin canji, ko ka ja waya mai kauri ta waje kai tsaye zuwa firij da fanka. Kafin a ƙara fetur a kashe shi ya huce minti 15 zuwa 20. Ka yi lissafin mai da kyau: matsakaicin janareta kan sha lita 2 zuwa 3 a awa, wutar gari kuma tana daɗewa ba ta dawo ba. Guguwar Beryl ta Yulin 2024 mataki na 1 ce lokacin da ta sauka a Texas, amma sama da gidaje da shaguna miliyan biyu suka rasa wuta a yankin Houston, wasu fiye da mako, a tsakiyar zafi. Zafin ya kashe mutane, musamman tsofaffi. In akwai dattijo ko marar lafiya a gida kuma babu hanyar sanyaya ɗaki, a kai shi cibiyar shan sanyi da hukuma ke buɗewa.

Tambaya: Firizata cike take da naman rago. Surukata kuma tana allurar insulin. (Wata matar aure, Orlando)

Amsa: Malama, firij in ba a buɗe ba yana riƙe sanyi awa 4 kacal. Firiza cike taf awa 48, rabi kuwa awa 24. Tun yanzu ki murɗa su zuwa mafi sanyi, ki cike gurbin da ya rage da robobin ruwa su daskare. Su ne ƙanƙararki, su ne ruwan shanki daga baya. Abin da za a riƙa ɗauka a kai a kai ki sa a kula daban. Wani kaso na naman ki soya shi ƙayau ko ki yi dambunsa tun da wuta, a fara ci da shi. Ki sa ma'aunin zafi a ciki: naman da ya haura digiri 4 a ma'aunin Salsiyos na sama da awa biyu a zubar, ko da bai yi wari ba, kuma ba a ɗanɗanawa don gwaji. Wanda har yanzu da ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi.

Insulin ɗin Mama yana iya kai kwana 28 ba firij muddin zafi bai wuce digiri 30 a ma'aunin Salsiyos ba. A sa shi a kula, a naɗe da tawul kada ya taɓa ƙanƙara, domin wanda ya daskare ya lalace. A karɓo mata magani na aƙalla mako biyu, a rubuta sunayen magungunan a takarda.

Tambaya: 'Yata tana karatu a Florida. An ce wai daga wajenmu guguwar take tasowa. Gaskiya ne? Kuma in na kira ban same ta ba fa? (Wani uba, Damagaram)

Amsa: Baba, akwai gaskiya a ciki. Hadarin gabas da ke ratsa Chadi, Nijar da arewacin Najeriya da damina yana tafiya ne cikin wasu kaɗe-kaɗen iska da ke nufar yamma duk bayan 'yan kwanaki, su fita teku ta wajen Senigal. Yawancinsu a nan suke mutuwa. Kaɗan ne ke tarar da ruwan teku mai ɗumin digiri 26 zuwa sama, su fara juyawa su girma. Yawancin manyan guguwoyin Atalantika haka suka faro. Ba sa juyowa kanmu, domin iska yamma take kora su, kuma ba sa rayuwa a kan tudu.

Kira kuwa, ku yi alkawari tun yanzu: ta faɗa maka inda za ta fake da lambar wani da ke wata jiha. Bayan guguwa gajeren saƙo ya fi kira shiga, kuma bai cin batir. Shirun kwana ɗaya ko biyu galibi rashin wuta ne da faɗuwar turakun sadarwa. A bar mutum ɗaya a gida ya riƙa tuntuɓarta, kada dangi su taru su ƙarar mata da caji.

Tambaya: Ina da inshorar gida. Ta isa? Kuma a daren da abin zai zo, ina za mu zauna? (Wani ma'aikaci, New Orleans)

Amsa: Malam, inshorar gida ta yau da kullum, ta mai gida ko ta mai haya, ba ta biyan ɓarnar ambaliya. Ta ambaliya daban ake saye, kuma ta gwamnatin tarayya sai ta kwana 30 take fara aiki. A 2017 guguwar Harvey ta zubar da ruwan da ya haura mita ɗaya da rabi a wani yanki na gabashin Texas, kuma gidaje da yawa da ruwa ya shiga ba su da ita. Abin da za ka iya yau: ka zagaya ɗaki-ɗaki da waya ka ɗauki bidiyon kayanka. Fasfo, katin zama, takardun makaranta, na haihuwa, na haya da na inshora a sa a leda mai zif, a ɗauki hotonsu a tura wa kai ta imel.

A daren, ku zauna a ɗakin tsakiya marar taga, a hawa mafi ƙasa da ruwa ba zai kai ba, da takalma a ƙafa da katifa kusa don rufe kai. In iska ta tsaya cak, kada kowa ya fita. Idon guguwar ne, wato tsakiyarta, ke wucewa, za ta dawo ta ɗaya gefen da ƙarfinta. In ruwa ya doso shigowa, a kashe babban makunnin wuta tun ƙasa a bushe. In an riga an tsaya cikin ruwa, kada a taɓa shi. A hau sama, amma kada a shige tsakanin silin da rufi inda babu mafita, mutane sun maƙale a nan lokacin guguwar Katrina a 2005. In ta kai ga haka, kan rufin ake hawa a kira 911.

Da gari ya waye, duk wayar da ke ƙasa a ɗauka da wuta a jikinta. Kada yara su shiga ruwan da ya kwanta, akwai ƙazantar masai, macizai da jajayen tururuwa masu cizo da ke yawo a dunƙule. Ruwa mai gudu santimita 15 yana kayar da babba, 30 yana ɗaukar ƙaramar mota, 60 yana ɗaukar jif. In an ji warin gas, kowa ya fita ba tare da taɓa makunni ba, a kira kamfanin gas daga waje.